"Sai Kai!": Ƙungiyar Psi Chi da Adon Kayan Aro

Akwai wata ƙungiya a jami'o'in Amurka da ake rubuta sunanta da haruffan Girkanci guda biyu, Psi da Chi. Idan Ba'amurke ya furta sunan, abin da kunnen Bahaushe zai ji shi ne "sai kai", wato kalmomin nan biyu da maroƙa da 'yan koren manya suka fi kowa iya jerawa. Dacewar sauti ce kawai, amma da wuya a sami dacewar da ta tona asiri kamarta.

Psi Chi ita ce ƙungiyar da ke karrama haziƙan ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam. Tana da rassa fiye da 1,000, kuma tun kafuwarta ta shigar da mambobi sama da 750,000. Kowace shekara dubban ɗalibai, har da 'ya'yan Afirka da suka tsallaka teku neman digiri, suna samun saƙon gayyata daga reshen jami'arsu: ka cancanta, ka biya kuɗin rajista na dala 'yan gommai sau ɗaya, ka zama mamba har ƙarshen rayuwarka. A shafukan rassan kuma, kusa da ƙa'idojin shiga, sau da yawa akan tarar da manyan sunaye uku da ake cewa su ma 'yan gida ne: B. F. Skinner, Albert Bandura da Philip Zimbardo.

Wannan jerin sunaye shi ne abin tuhuma. Psi Chi ba ta cikin ƙungiyoyin bogi masu sayar da takardar yabo ga duk wanda ya miƙa kuɗi. Tana da tarihi, tana da ƙa'ida, tana kuma da ayyukan alheri da za a zo kansu. Laifinta na masu ilimi ne: tana tallata kanta da irin hujjar da malaman fanninta za su kayar da ɗalibi a jarrabawa idan ya kawo ta. Mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi.

Daga Kansas zuwa Yale

Tunanin kafa ƙungiyar ya fito daga ɗalibai biyu na Jami'ar Kansas, Edwin Newman da Frederick Lewis, waɗanda suka lura cewa sauran fannoni suna da ƙungiyoyin karrama zaƙaƙuransu, nasu fannin kuwa babu. An kafa ta ranar 4 ga Satumba, 1929, a Jami'ar Yale, yayin babban taro na tara na masana halayyar ɗan Adam na duniya, taron da Ivan Pavlov da kansa ya halarta daga Tarayyar Sobiyet. Samfurin da aka kwaikwaya tsoho ne, domin uwar irin waɗannan ƙungiyoyi, Phi Beta Kappa, an kafa ta tun 1776 a Kwalejin William da Mary da ke Virginia.

A wancan zamani buƙatar tana da ma'ana. Shekara 50 kacal ke nan da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, kuma fannin yana fama da masu yi masa kallon falsafa da ta sa rigar kimiyya. Ɗalibin da ya zaɓe shi yana buƙatar abin da zai nuna wa iyayensa da abokansa cewa ba wasa yake yi ba. Yau lamarin ya sauya. Ilimin halayyar ɗan Adam yana cikin darussan da suka fi tara ɗalibai a Amurka, inda ake yaye fiye da mutum 100,000 da digirin farko a cikinsa kowace shekara. Ƙungiyar da aka kafa domin ta ɗaga darajar ƙaramin fanni ta wayi gari tana tace wani kogi na jama'a, daga hedikwatarta da ke Chattanooga a jihar Tennessee. Tambayar ita ce da wace rariya take tacewa.

Rariya mai manyan huda

Ƙa'idojin shiga ga ɗalibin digirin farko a bayyane suke. Ya kammala zango uku na karatu, ya ɗauki kimanin darussa uku a fannin, ya kasance cikin kashi 35 cikin ɗari na saman ajinsa, kuma matsakaicin makinsa kada ya gaza 3.0 cikin 4.0. Kashi 35 cikin ɗari ya haura mutum ɗaya cikin kowane uku. A ajin mutum 300, mutum 105 ne za a iya ce musu "sai kai". Phi Beta Kappa, wadda ita ma tana da nata masu suka, ba ta wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari.

Shi kuwa ma'aunin 3.0 ya daɗe da zama katangar da kowa ke tsallakewa. Stuart Rojstaczer da Christopher Healy sun bi sawun makin da jami'o'in Amurka ke bayarwa na tsawon shekaru, suka nuna a wani nazari da aka buga a 2012 cewa kashi 43 cikin ɗari na dukkan makin da ake bayarwa A ne, alhali a 1960 bai wuce kimanin kashi 15 ba. A 2013 wani shugaban tsangaya a Harvard ya tabbatar wa malamai cewa makin da aka fi bayarwa a jami'ar shi ne A. Gaskiya ne cewa sharaɗin kashi 35 ya dogara ga matsayin ɗalibi a aji, saboda haka hauhawar maki ba ta rushe shi kai tsaye. Amma idan jama'a suka cunkushe a saman ma'auni, abin da ke raba wanda ya shiga da wanda aka bari a waje sai ya koma ɗigon lamba, wanda sauƙin halin malami ɗaya ko rashin lafiyar mako guda ya isa ya juya shi. Duk wanda ya ɗauki darasin auna halayya ya san cewa ma'aunin da kowa ke cin samansa ya daina bambance mutane. A littafin aji biyu ake koyar da wannan.

Akwai kuma abin da maki ba ya gani. Robert Sternberg, wanda ya shahara da nazarin basira da hikima kuma ya shugabanci Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wato APA, a 2003, ya sha ba da labarin cewa C ya ci a darasin gabatarwa na fannin a Yale, har malaminsa ya nuna masa ya nemi wata sana'a. Ɗalibar da ke aikin dare a kanti domin ta biya kuɗin makaranta da ɗalibin da iyayensa suka ɗauke masa komai, takarda ɗaya ake auna su da ita, kuma ba ta da gurbin rubuta wanda ya kwana a tsaye.

Masu kare ƙungiyar sukan kawo wata fa'ida ta zahiri. Hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da zama mamba a irin waɗannan ƙungiyoyi a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin fara aiki a mataki na GS-7 maimakon GS-5, bambancin da ke nufin ƙarin albashi tun ranar farko. Wannan haka yake. Sai dai ƙa'idar guda ta kuma amince da matsakaicin maki 3.0, ko kasancewa cikin kashi ɗaya bisa uku na saman aji. Ma'ana, ɗalibin da ya cancanci shiga Psi Chi kuma ya riƙe makinsa har ƙarshe, takardar sakamakonsa ta riga ta buɗe masa wannan ƙofa. Katin ƙungiyar yana maimaita abin da jami'a ta riga ta rubuta ne, a kan farashi.

Wa ya haifi wa?

To idan katin bai ƙara wani labari a kan ɗalibi ba, me ake sayarwa? Ana sayar da zama a inuwar manya. Saƙon da jerin sunayen ke isarwa, ko da ba a faɗe shi da baki ba, shi ne cewa ta wannan ƙofa Skinner da Bandura suka bi, kai ma biyo.

Tarihin mutanen bai goyi bayan wannan ba. Skinner ya gama digirinsa na farko a Kwalejin Hamilton a 1926, shekara uku kafin a haifi Psi Chi, kuma adabin Turanci ya karanta. Burinsa ya zama marubucin ƙagaggun labarai ne. Ya koma gidan iyayensa ya shafe kusan shekara yana ƙoƙarin rubutu bai yi nasara ba, sannan ya tafi Harvard a 1928, ya sami digirin digirgir a 1931. Da za a auna saurayin Hamilton da ƙa'idojin yau, ko takardar neman shiga ba za a ba shi ba, domin ba ɗalibin fannin ba ne. Bandura kuwa a wani ƙaramin gari mai suna Mundare a lardin Alberta na Kanada ya tashi, ya yi digirin farko a Jami'ar British Columbia ya gama a 1949, shekara 60 kafin Psi Chi ta mayar da kanta ƙungiyar ƙasa da ƙasa a 2009. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya faɗa fannin ne saboda abokan da yake bin motarsu suna sammako, sai ya nemi darasin da zai cike masa gurbin safiya.

Ƙungiyar tana da wani rukuni na musamman na fitattun mambobi, inda take sanya manyan masana bayan duniya ta gama saninsu. Babu laifi a girmama na gaba. Laifin yana wurin juya kibiyar sababi. Darajar Skinner ce ta kwarara zuwa ga ƙungiyar, kuma babu wanda ya taɓa buɗe littafin Bandura saboda ya ji cewa ɗan Psi Chi ne. Albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Ko da an tattara sunayen dukkan masanan da suka shiga tun suna ɗalibai, hujjar ba za ta tsaya ba. Ƙungiyar da ta kwashe kashi ɗaya bisa uku na saman kowane aji na kusan shekara 100, dole ne a sami fitattu a cikinta, kamar yadda mai kamfatar hatsi da babban masaki ba zai rasa 'yan ƙwayoyi masu kyau ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu masu maki iri ɗaya da ba su shiga ba. Masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger sun yi irin wannan tambaya game da manyan jami'o'in Amurka a 2002. Da suka kwatanta ɗaliban da jami'o'i masu daraja ɗaya suka karɓa, wasu suka je wasu suka zaɓi wani wuri, sai yawancin ratar kuɗin shiga da ake dangantawa da sunan jami'a ta ɓace, in ban da ga 'ya'yan marasa ƙarfi. Jerin sunaye uku ba ya amsa irin wannan tambaya. Ɗalibin da ya kawo misali uku a matsayin shaidar sababi a jarrabawar dabarun bincike, jan biro zai gani.

Abin dariyar shi ne fannin ya riga ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna kuma ya auna ta. A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka lura da ɗalibai a jami'o'i bakwai, suka ga cewa ranar Litinin bayan ƙungiyar ƙwallon makarantarsu ta ci wasa, masu sanya rigar da ke ɗauke da sunan makaranta sukan ƙaru. Idan aka tambaye su labarin wasa kuma, sun fi cewa "mun ci" in an yi nasara, su ce "an cinye su" in an sha kashi. Shan ɗumin nasarar da mutum bai sa hannu a cikinta ba ke nan. Ana koyar da wannan bincike a aji da safe, da yamma kuma a yi bikin shigar da sababbin mambobi a karanto sunan Skinner.

Suna na uku

Skinner da Bandura suna nuna cewa jerin ba ya tabbatar da abin da ake so ya tabbatar. Suna na uku ya fi wannan nauyi, domin yana nuna cewa jerin ba ya jin sabon labari.

A watan Agusta na 1971 Philip Zimbardo ya mayar da ƙarƙashin ginin sashensu a Jami'ar Stanford gidan yari na wucin gadi. Aka zaɓi samari 24, ana biyan kowa dala 15 a rana, aka raba su ta hanyar ƙuri'a zuwa fursunoni da gandirobobi. An tsara mako biyu, aka tsayar a kwana na shida, bayan Christina Maslach, wadda ta gama digirin digirgir a sashen, ta ga abin da ake yi ta nuna rashin amincewarta. Darasin da aka yaɗa wa duniya shi ne cewa ka ba mutumin kirki kaki da kulki kawai, yanayi zai mayar da shi azzalumi ba tare da kowa ya umarce shi ba. Labarin ya shiga kusan kowane littafin gabatarwa. Da abin kunyar kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi ya fito a 2004, Zimbardo ya ba da shaidar ƙwararre a shari'ar ɗaya daga cikin sojojin, sannan ya rubuta littafi a kai a 2007.

Shakku ya daɗe yana taruwa. A ƙarshen 2001 Alex Haslam da Stephen Reicher suka shirya makamancin gwajin tare da BBC, ba su koya wa gandirobobi yadda za su yi ba, sai gandirobobin suka kasa haɗa kai, fursunoni suka kifar da su. A 2007 Thomas Carnahan da Sam McFarland suka nuna cewa sanya kalmomin rayuwar kurkuku a tallan neman mahalarta, kamar yadda aka yi a Stanford, yana jawo mutanen da suka fi zafin rai da son danniya. Sannan a 2018 wani mai bincike Bafaranshe, Thibault Le Texier, ya fitar da littafi bayan ya tone takardu da kaset-kaset na gwajin da ke ajiye a Stanford, ya kuma buga taƙaitaccen sakamakonsa a 2019 a mujallar APA kanta. Abin da ya fito shi ne an yi wa gandirobobin bayanin irin yanayin da ake so su haifar tun kafin a fara. Akwai muryar ɗalibin da aka naɗa shugaban gidan yarin yana matsa wa wani gandiroba mai sanyin hali cewa ya ƙara tsanani. Fursunan da kururuwarsa ta zama shahararriyar shaidar gwajin ya gaya wa ɗan jarida Ben Blum a 2018 cewa wasan kwaikwayo ya yi domin a sake shi. Zimbardo ya musanta cewa waɗannan sun rushe darasinsa, ya kare aikinsa har ya rasu a Oktoban 2024.

Ba a buƙatar a mayar da Zimbardo shaiɗan kafin a ga matsalar. Mutumin ya yi aiki a kan jin kunya mai hana mu'amala, ya gabatar da shirin talabijin da ya kai fannin gidajen miliyoyin mutane, ya shugabanci APA a 2002. Amma abin da ya sa ɗalibin aji biyu ya gane sunansa a shafin gayyata shi ne kurkukun Stanford, kuma wannan aiki ne da mujallar babbar ƙungiyar fannin ta buga hujjojin da ke tuhumar ingancinsa. Reshen da ya ci gaba da jera sunan a matsayin abin koyi ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba, yana koya wa sabon shiga darasi tun a bakin ƙofa: a wannan gida shahara ta fi shaida tsawon rai.

Kada a ce gyara irin wannan baƙon abu ne. A 1997 gidauniyar da ke tare da APA ta dakatar da ba Raymond Cattell lambar zinare ta aikin rayuwa saboda ƙorafi kan rubuce-rubucensa game da launin fata, har shi da kansa ya janye sunansa. A 2019 Kwalejin King's ta Landan ta bayyana cewa maƙaloli 26 da Hans Eysenck ya sa hannu a cikinsu ba abin dogaro ba ne. A 2020 Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia ta cire sunan Edward Thorndike daga wani gininta saboda ra'ayoyinsa na fifita jinsi. Thorndike ɗin nan shi ne ya bayyana a 1920 yadda kyakkyawar sifa ɗaya ta mutum ke haske idon mai auna shi har ya kasa ganin sauran. Fannin ya san cutar, ya kuma san cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Waɗanda ƙofa ba ta buɗe wa ba

Jerin karramawa yana da wani makantar. Yana tace waɗanda jami'a ta riga ta bari suka shigo ne kawai, saboda haka duk son kan da ke bakin ƙofar jami'a shi ma ya gaje shi. Mary Whiton Calkins ta cika dukkan sharuɗɗan digirin digirgir a Harvard a 1895, William James yana cikin waɗanda suka yaba mata, jami'ar ta hana ta saboda mace ce. Duk da haka ta shugabanci APA a 1905. Francis Sumner ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a fannin a Amurka a 1920, ya shafe shekaru yana gina sashen Jami'ar Howard. Ɗalibansa Kenneth Clark da Mamie Phipps Clark suka yi gwajin 'yar tsana da ya nuna yadda wariya ke sa yara baƙaƙe su raina kamanninsu, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Kenneth Clark a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Da wuya a nuna wani bincike na fannin da ya taɓa rayuwar yara da yawa kamar wannan.

A yi wa Psi Chi adalci: tana da tallafin bincike da sunan Mamie Phipps Clark, da tallafin karatu da sunan Inez Beverly Prosser, wadda ta sami digirin digirgir a Cincinnati a 1933 ta rasu bayan shekara guda. Wannan abin yabo ne. Amma sunayen da suka fi yawo a tallan rassa har yanzu su ne ukun nan, domin su ne ake ganewa da sauri. Robert Merton ya bayyana wannan tun 1968: a kimiyya, wanda ya riga ya shahara shi ake ƙara wa yabo, ko da aikin na mutane da yawa ne.

Kalmar "ƙasa da ƙasa" da aka ƙara a 2009 ma tana jiran cikawa. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin guda shida, ya tarar cewa kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu. Ilimin da ke da'awar bayyana halin ɗan Adam, a kan ɗan yanki na 'yan Adam aka gina shi. Ɗalibin da ya fito daga Kano ko Damagaram ya shiga irin wannan ƙungiya yana da abin da zai ba fannin wanda ya fi abin da katin zai ba shi.

Inda darajar take

Abin takaicin shi ne Psi Chi tana da abin alfahari na kanta, wanda ba aro ba ne, amma ba shi take sawa a gaba ba. A 2015 mujallar Science ta buga sakamakon wani gagarumin aiki da masu bincike 270 suka yi na maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun fannin. Kashi 97 cikin ɗari na asalin binciken sun ba da rahoton samun sakamako mai ƙarfi. Da aka maimaita, kashi 36 ne kawai suka sake bayarwa. Fannin ya girgiza, kuma gyaran da ya biyo baya aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya kawo suna: a rubuta hasashe a ajiye kafin a tattara bayanai, a buɗe bayanan ga kowa, a sake gwada abin da manya suka ce sun gano.

Psi Chi ta sa hannu a wannan aiki. Ta tallafa wa shirin CREP, inda ɗaliban digirin farko a jami'o'i daban-daban ke maimaita fitattun gwaje-gwaje a ƙarƙashin kulawar malamansu, a haɗa sakamakon wuri guda. Tana da mujallar da ke buga binciken ɗalibai bayan bitar ƙwararru, tana raba tallafin bincike da na zuwa taro. Ɗalibar da ta kwashe zango guda tana gwada ko wani sanannen sakamako zai tsaya, ta dawo ta rubuta cewa bai tsaya ba, ta yi wa kimiyya hidimar da makin 3.9 bai yi ba. Da ana yin irin wannan a 1972, da labarin kurkukun Stanford bai shekara 47 yana yawo ba kafin a buɗe akwatin kaset ɗinsa.

Saboda haka gyaran ba mai tsada ba ne. Rassa su daina jingina gayyatarsu da sunayen da ƙungiyar ba ta raina ba. Inda aka ga dole a ambaci fitattun mambobi, a rubuta shekarar da aka karrama kowa da dalilin, domin mai karatu ya ga cewa shahara ce ta riga karramawa. Inda aikin mutum ya shiga tuhuma mai tushe, a faɗa a fili a gefen sunan, kamar yadda mujalla ke liƙa sanarwar gyara a jikin maƙala. A buɗe wata ƙofar shiga ta aiki, yadda ɗalibin da makinsa ya gaza da ɗigo amma ya kammala bincike mai inganci zai sami gurbi. Sannan ƙungiyar da ke cike da masu auna halayya ta auna kanta: ta bi sawun waɗanda suka amsa gayyata da waɗanda suka cancanta amma ba su amsa ba, ta buga sakamakon ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba.

Shi kuma ɗalibin da saƙon gayyata ya faɗo wa, ko mahaifin da aka kira daga nesa aka ce ya turo kuɗin rajista, tambayarsa ba ta da wahala. Reshen wannan jami'a yana gudanar da bincike? Mutum nawa daga cikinsa suka nemi tallafi bara? Akwai malamin da ke zama da su? In amsoshin sun gamsar, kuɗin ba su da yawa kuma ribar na iya fin su. In kuwa abin da ke akwai bai wuce igiyar ratayawa a wuya ranar yaye ɗalibai da sunan Skinner a shafi ba, to kayan aro ne, kuma ba ya rufe katara.

A watan Satumba na 2029 Psi Chi za ta cika shekara 100. Za a yi taro, za a yi jawabai, kuma lalle za a karanto sunaye. Ƙungiyar tana da sauran lokacin da za ta zaɓi waɗanda za ta karanto: mutum ukun da duniya ta sani ba da taimakonta ba, ko ɗaliban da ta ba kuɗi suka je suka bincika ko manyan sun faɗi gaskiya.